Oga ya ce in koma in cike tsohon fayil ɗin mai ciwon dasashi, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun jiya ban runtsa ba. Ina aikin wankin haƙori da kula da dasashi a wani asibiti mai zaman kansa a Kano, shekarata huɗu a wurin. Shekara biyu da suka wuce oga ya tattara katunan takarda ya kawo mana kwamfuta. Yini ɗaya aka yi ana koya mana manhajar, ranar kuma ɗana ba shi da lafiya, sai bayan azahar na iso.

Akwai wani dattijo, ƙanin surukata ne. Shi ya riƙe mijina tun yana firamare, shi ya yi masa komai na aurenmu, a gidansa na yi wankan haihuwar fari saboda mahaifiyata ta rasu. Kawu muke ce masa. Ni na kawo shi asibitin da kaina don dasashinsa na jini in ya yi asuwaki. Yana da ciwon suga, yana kuma shan taba, ko da yake a gida ba a maganar. Sau huɗu ya zo, duk ni na wanke masa, sau biyu ma daga albashina aka cire kuɗin.

Makon jiya haƙoransa biyu na gaba na ƙasa suka fara girgiɗi. Ɗansa ya kai shi wani babban asibiti. Likitan can ya ce ƙashin da ke riƙe haƙoran ya ci sosai, ya rubuta mataki na 3, daraja C (wato ciwon ya yi tsanani, yana kuma sauri), ya ce a kawo awon da aka yi a baya ya ga saurin da ciwon yake yi. Da na buɗe fayil ɗin gabana ya faɗi. Duk zuwa huɗun layi ɗaya ne: an wanke haƙori, an ba da shawarar tsafta. Gurbin dasashi kuma yana cewa lafiya lau, domin manhajar da kanta take cike shi haka in ba ka taɓa shi ba. Wallahi a zuwa na biyu na yi masa awon zurfin dasashi da ake kira BPE, na tuna na samu lamba 3 a ɓangare biyu na bakinsa, na rubuta a takarda saboda babu wuta. Oga ya ce in shiga in cike abin da na tuna a kan tsofaffin ranakun kafin a buga. Jibi ɗan zai zo karɓa. In cike?

Wani tsohon likitan haƙori, Zariya: Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki taɓa tsohon rubutun, ko harafi ɗaya. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014, sashe na 29, ta sa ƙari ko gogewa ko sauya bayanin fayil ɗin majiyyaci da nufin jabu cikin laifukan da ake hukunta mutum a kansu, har da ɗauri. Sunanki ne a kan shigarwar, ba na oganki ba. Ki buɗe sabon shafi da kwanan watan yau, ki rubuta cewa ƙarin bayani ne daga abin da kika tuna, ki faɗi cewa "lafiya lau" ɗin nan manhaja ce ta saka. Shi ke nan.

Wata mai wankin haƙori, Kaduna: Yaya ni dai a ganina ba ƙarya za ki yi ba tunda kin auna. Abin da ya faru za ki rubuta. Mu nan kullum a haka muke, mutum talatin a layi, kwamfuta ɗaya mu uku. Wa zai bar majiyyaci da baki a buɗe ya je neman gurbin da zai danna? Safar hannu kawai sai ka cire ka sake sakawa, kuma ƙirga mana ita ake yi. Watan jiya har faɗa aka yi mini a kan kwali ɗaya.

Tsohon likitan: Malama, ranar da aka rubuta abu ita ma bayani ce. In ta sa awon yau a kan ranar bara, ta ce a bara aka rubuta shi, kuma ba haka aka yi ba. Sannan ina da tambaya. Awon BPE ai tantancewa ce kawai: baki kashi shida, lamba 0 zuwa 4. Lamba 3 na nufin ƙarfen awo ya nutse tsakanin milimita 3.5 da 5.5, wato baƙin zoben da ke jikin ƙarfen ya fara shiga cikin dasashi. In kin samu 3, bayan wanki da wata uku sai ki dawo da shi ki auna wuri shida a kowane haƙori na wannan ɓangaren. Kin yi? An ɗauki hoton ƙashi? Mai suga, mai shan taba, ai tun ranar farko ya kamata fitila ta kunnu.

Mai tambaya: Ranka ya daɗe na ji, amma ka fahimci yanayina. Ba mu da mai rubuta mana lamba muna faɗa. Kuma Kawu ba mutum ne mai zama ba, yana shigowa yake duba agogo saboda kasuwa. Ta yaya zan dubi mutumin da ya riƙe mijina in ce sigari nawa kake sha a rana? Na faɗa masa da baki ya kula da sugansa, ba sau ɗaya ba.

Wani mai haɗa manhajojin asibiti: Abin lura: galibin manhajojin asibiti suna ajiye tarihin duk wanda ya shiga, da ranar, da abin da ya sauya, ko da ba ya fitowa a takardar da aka buga. Wasu ƙananan da ake haɗawa a gida kuma ba sa yi. Amma ku daina ɗora mana laifin gurbin da ke cike kansa. Sau nawa na bar shi fanko, masu asibiti suka kira ni suka ce ma'aikata na kuka yana ɓata musu lokaci, in sa ya riƙa cika da kansa. Har yau akwai wanda bai biya ni cikon kuɗina ba.

Wani ma'aikacin adana bayanan asibiti, Sakkwato: Ni abin da ya fi damuna lambobin cuta. A ICD-10, kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, galibin ciwon dasashi yana ƙarƙashin K05, kumburin dasashi mai daɗewa K05.1, wanda ya kai ga ƙashi K05.3. Sai ka ga kowa an danna masa na farko don shi ne a sama. Ƙarshen wata a ce in haɗa rahoto, ya fito kamar babu mai ciwon da ya kai ƙashi a garin, alhali rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin ɗari na manya a duniya suna da mai tsanani. Mu ne kawai Allah ya keɓe?

Tsohon likitan: Daidai. Kuma ku fahimci dalilin da likitan can ya nemi tsohon awo. Tun taron masana dasashi na Amurka da Turai a Chicago a 2017 aka bar rabon da muka koya na mai daɗewa da mai gaggawa, aka koma mataki 1 zuwa 4 don tsanani, da daraja A, B, C don sauri. Hujja mafi ƙarfi ta daraja ita ce abin da ya zaizaye cikin shekara biyar, milimita 2 ko fiye ya zama C. In babu tsohon awo sai a raba kason ƙashin da ya tafi da shekarun mutum. Sigari 10 a rana ko HbA1c (gwajin matsakaicin sugan jini na 'yan watanni) 7 zuwa sama ma suna kai shi C. To in kika ba shi lambar da kika tuno, zai gina magani a kan ƙasa mai rairayi. Gara ki ce masa babu.

Mai wankin haƙori, Kaduna: Baba da girmanka, kai a asibitin koyarwa ka yi aiki, ɗalibai na riƙe maka takarda. Ita fa aikinta za ta rasa in ta ƙi, ga rikicin dangin miji.

Wata ma'aikaciyar jinya: 'Yar'uwa ki nemo takardar nan da kika rubuta. In kin same ta sai a ɗauki hotonta a liƙa a fayil da kwanan watan yau, ba ki sauya komai ba kuma kin kare kanki. Kawun yana shan maganin hawan jini? Amlodipine na kumbura dasashi, shi ma ya kamata ya kasance a rubuce.

Mai tambaya: Na gode Anti. Ban san inda takardar take ba, an zuba tsofaffin katuna a buhuna a sito, damina ta taɓa wasu. Ni fa ban yi sakaci da Kawu ba, da ban kawo shi ba ko wankin ma ba zai samu ba. Kuma likita ne ya kamata ya duba abin da na shigar, bai taɓa buɗewa ba. Me ya sa duk abin zai dawo kaina?

Tsohon likitan: Shi ma yana da nasa kason, shi ya sa yake so ki cike da sunanki. Ki ce ya ba ki umarnin a rubuce.

Mai tambaya: Ba zan iya faɗa masa haka ba, shi ya ɗauke ni aiki lokacin da na yi wata tara a gida. Gobe da sassafe zan shiga siton. In ban samu takardar ba, in rubuta lamba 3 ɗin a sabon shafin ko in bar ta gaba ɗaya? Kuma mijina bai san komai ba tukuna.

Mai wankin haƙori, Kaduna: Ki rubuta.

Tsohon likitan: Wane ɓangare biyu ne kika samu 3 ɗin, sama ko ƙasa?