Kashin da muka sha a Bordo: gajiya ce, ko yaran ne ba a sakar musu fili ba?

Ɗan Damagaram a Tuluz:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana uku da wasan zari-ruga na Lahadi, 4 ga Mayu 2025, da Bordo ta fitar da Tuluz a na kusa da ƙarshe na kofin Turai, amma abin bai sauka daga ƙirjina ba, shi ya sa na kawo shi nan, ko wani ya hango abin da ni ban hango ba.

Shekarata 11 a Tuluz. Da na zo ban san ko sunan zari-ruga ba, mu kokawa muka sani, ita muke kwana a kan rediyo muna saurare idan ana neman takobi. Wani dattijo maƙwabcina ne ya ja ni filin Ernest-Wallon wata Asabar da sanyi, na ga ƙarti takwas sun haɗa kafaɗa da ƙarti takwas ana turereniya, har kana jin nishinsu daga inda kake zaune. Tun ranar na zama na Stade Toulousain. Yanzu ɗana mai shekara 10 yana buga wa ƙaramar ƙungiyar unguwarmu, kuma ba ya yarda a ba shi wata lamba sai 9, saboda Dupont, gwarzon Tuluz mai wannan lambar.

Ranar 4 ga Mayu mun zauna ni da shi gaban tele, na haɗa shayi a kan cewa za mu je Kadif wasan ƙarshe. Aka tashi 35 da 18. Lokacin da Bielle-Biarrey na Bordo ya sake sauke ƙwallo bayan layinmu, ana dawowa daga hutun rabin lokaci ke nan, yaron ya ja wuyan rigarsa ja da baƙi ya rufe fuskarsa da ita, bai ƙara cewa uffan ba. Shayin nan a tire ya huce.

Na san babu Dupont, tun da gwiwarsa ta tafi a Dublin cikin Maris. Na san babu Ramos. Amma damuwata ba nan take ba. Wanda ya kashe mu, Bielle-Biarrey, yaro ne ɗan shekara 21. Bordo sun sakar masa fili tun yana ƙarami, kowane babban wasa da shi ake farawa, har ya kai ga esai takwas, wato sauke ƙwallo bayan layi, a gasar ƙasashe shida ta bana. Mu kuma fa? Muna da Castro-Ferreira, muna da Costes, muna da Théo Ntamack, muna da Brennan. Biyun farko suna cikin waɗanda suka ɗauko wa Faransa kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2023. Amma yaushe muke ganin yawancinsu daga farkon wasa? Sai makonnin da manyan suka tafi wa ƙasa aiki, a zuba yaran gaba ɗaya, yaro kusa da yaro, su yi iya yinsu. Manyan na dawowa sai a mayar da su benci. Ni a ganina wanda bai taɓa tsayawa kusa da manya irin su Cros ko Marchand a rana mai zafi ba, ba ranar da aka rasa mutane za a ce ya ɗauki kayan ba.

Tambayata biyu ce. Wannan kashin alama ce ta cewa ƙungiyar ta fara gangara, ko tuntuɓe ne kawai? Kuma shin mai horarwa Ugo Mola ba ya riƙe yaran nan fiye da kima?

Baban Yara 31:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka sha ruwa tukuna. Na riga ka zuwa garin nan da kusan shekara 20, tun zamanin mai horarwa Guy Novès nake kallon ƙungiyar nan, kuma na ga abin da ake kira gangara da idona. Kakar 2016 zuwa 2017 ce. Na 12 muka ƙare a cikin 14 a Top 14, babbar gasar Faransa, ba mu ko shiga zagayen 'yan shida ba, abin da aka yi kusan shekara 40 ba a gani ba. Kyaftin Dusautoir ya ajiye takalmi a kakar da ba ta dace da shi ba. A lokacin idan ka je Ernest-Wallon kujeru kake gani babu kowa, mutane suna fita tun kafin alƙali ya hura. Wancan ne gangara. Ƙungiyar da take saman teburin Top 14 yau, wadda ta zuba wa Leicester maki 80 a Janairu, ba a ce mata ta gangara.

Kuma wa ya fitar da mu daga ramin? Mola ɗin nan da kake zargi, da yara. Ramos aro aka ba da shi Colomiers a rukuni na biyu, ya yi shekara yana cin ƙasa, ya dawo ya zama abin da ya zama. Romain Ntamack yana 18 aka jefa shi ciki. Dupont ya zo daga Castres yana 20. Marchand aka ɗaura masa kambun kyaftin yana 23. A 2019 suka ɗauko garkuwar Brennus, kofin zakaran Top 14, a hannun Clermont. Mutumin da ya gina gidansa da yara ba za ka ce yana tsoron yara ba.

Ka kuma manta abu ɗaya. Wa ya fara wasan ƙarshe na Turai bara a Landan, da Leinster, a tsakiya kusa da Ahki? Costes ne. Wasan da sai da aka yi ƙarin lokaci, muka ci 31 da 22. Idan wannan ba rana mai zafi ba ce, ban san wacce ba ce.

Ni abin da na gani ranar Lahadi gajiya ce. Mutanen nan sun ci kofi biyu bara, da yawansu sun tafi wa Faransa wasannin Nuwamba, sun dawo, sun sake tafiya gasar ƙasashe shida, sun dawo. Jiki ba ƙarfe ba ne.

Na Garwa:

Gaisuwa ga Baba da Yaya. Ni daga Garwa nake rubutu, a Canal+ muke kallo, kuma Tuluz muke so a gidanmu saboda gidan Ntamack, tun da kakansu ɗan Kamaru ne. Babansu Émile shi ya ɗaga kofin Turai na farko a 1996.

Ina tare da Baba a kan cewa ba gangara ba ce, amma ina ganin an yi asarar wasan nan tun Janairu, ba ranar Lahadi ba. Mun je Durban a zagayen rukuni mun ci Sharks 20 da 8, ba mu samo makin ƙari na esai huɗu ba. Bordo kuwa duk wasanninsu huɗu sun kwashe shi. Wannan makin ɗaya shi ya sa muka je Tulon wasan kwata, inda sai a daƙiƙar ƙarshe Ramos ya cece mu da ƙafarsa, 21 da 18, kuma shi ya sa aka yi na kusa da ƙarshe a garinsu. Da a Tuluz aka yi, da jama'armu a bayanmu, wa ya sani?

Maganar Théo kuwa, ni ma raina yana so in gan shi kullum. Amma a layin baya na 'yan gaba akwai Cros, Willis, Jelonch, Roumat. Yaya, cikin waɗannan wa za ka cire?

Mai Shago a Northampton:

Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba na Tuluz ba ne. A Northampton nake zaune, kuma garin nan tun Asabar bai yi barci ba, tun da Saints, ƙungiyar garin, suka je Dublin suka fitar da Leinster 37 da 34, wasan da kowa ya ce ba za su ko ji ƙamshinsa ba. Henry Pollock shekararsa 20. Fin Smith 22. Ba a jira wani ya ji ciwo aka ba su riga ba, an ba su ne an ce naku ne, in kun yi kuskure ku gyara mako mai zuwa. Shi ya sa nake ganin Malam Ɗan Damagaram yana da gaskiya. Bambancin shi ne mu ba mu da zaɓi, manya irin su Lawes da Ludlam sun tafi Faransa bara, dole aka miƙa wa yara. Ku kuwa kun cika tumbi, yaron da zai zama sarki a wata ƙungiya a wurinku na huɗu ne a layi. Ku yi hattara kada wata rana ku wayi gari wani ya zo ya ɗauke su.

Ɗan Damagaram a Tuluz:

Na gode muku duka. Baba, maganar Costes na karɓa, na manta da ita cikin ɓacin rai, Allah ya ƙara girma. Kuma ban zauna a kujerun 2017 kamar yadda ka zauna ba, lokacin ina sabon shiga, ban san zafin abin ba sosai.

Amma ka duba misalan da ka kawo. Ntamack da Dupont da Ramos an ba su fili ne saboda gida ya rushe, babu abin da za a rasa. Yanzu da gida ya cika da kofuna, garkuwa 23 da taurari shida na kofin Turai a ƙirjin riga, tsoron rasawa ya shigo. Wannan nake nufi. Ba na cewa a zaunar da Cros, Na Garwa, wa zai faɗi haka? Ina cewa kakar Top 14 wasa 26 ce kafin a kai zagayen ƙarshe. Idan za a karɓi La Rochelle ko Tulon a gida, me zai hana Castro-Ferreira ya fara a lamba 8 da Cros a gefensa, Flament a gabansa, Romain Ntamack yana ba da umarni? Manyan su huta ɗaya bayan ɗaya, maimakon su tafi gaba ɗaya su dawo gaba ɗaya. Ka ga an jefi tsuntsu biyu: gajiyar da Baba ya ambata ta ragu, yaron kuma ya koyi numfashin manya.

Na ga wannan a ƙaramin fili. Ɗana a bara tare da sa'anninsa kawai yake, yana riƙe ƙwallo har sai an kayar da shi. Bana mai horar da su ya riƙa haɗa su da na gaba da su ranar Laraba. Satin farko ya dawo da leɓe a fashe, uwarsa ta ce ba zai koma ba, sai da na yi ta lallashi. Wata biyu bayan nan na tsaya bakin waya ina kallo, na ga kafin ƙwallo ta fito daga ƙarƙashin ƙafafu ya riga ya ɗaga kai ya duba hagu da dama. Ba wanda ya koya masa da baki. Tsayawa kusa da wanda ya fi shi ne ya koya masa.

A lamba 9 ma abin ya fito fili. Graou ba yaro ba ne, kuma ba na ɗora masa laifin Lahadi, ya yi iya ƙoƙarinsa. Amma duk tsarinmu an ɗinka shi ne a jikin Dupont, yadda idan turereniya ta cije ko jifan gefe ya lalace, ana jiran shi ya ƙirƙiro wani abu daga babu. Ranar Lahadi sau da yawa na ga mutanenmu sun kai ƙwallo kusa da layi sai a ƙwace a ƙasa, kamar kowa yana jiran wanda ba ya nan.

Baban Yara 31:

Yanzu ka zo inda za mu haɗu. Juya su ɗaya bayan ɗaya, wannan na yarda, kuma ana yi, sai dai a ce a ƙara. Amma ka tuna ba Mola kaɗai ke tsara kalanda ba. Idan Galthié, mai horar da Faransa, ya kira mutum goma ko fiye daga gida ɗaya, kuma Top 14 ba ta tsaya ba, dole a zuba yaran tare, babu wata dabara. Kuma wasannin nan da kake rainawa su ne suka ajiye mu a saman teburi. Yaran ne suka tara makin da zai sa mu wuce kai tsaye zuwa na kusa da ƙarshe a Liyon, mu huta mako guda wasu suna kashe kansu.

Mai Shago, Allah ya ba ku sa'a a Kadif ranar 24, amma ku sa ido a kan Penaud da yaron nan mai jar hula, Bielle-Biarrey, ba sa buƙatar fili mai faɗi.

Ƙanena, wasan gida na gaba ina da kujera biyu, matata ba za ta je ba. Ka kawo yaron ya zauna kusa da ni, kai ka nemi taka. Ina so in nuna masa yadda Marchand yake sa hannu a ƙasa bayan an kayar da mutum, a tele ba a ganin wannan da kyau.

Ɗan Damagaram a Tuluz:

Allah ya saka da alheri, Baba. Na gaya masa yanzu, har ya tafi ɗauko rigarsa daga cikin wanki. Za mu same ka a bakin ƙofa awa ɗaya kafin a fara, yana so ya ga lokacin da suke ɗumama jiki.