Neman kalma: ƙaramar waya mai madannai da manhajar "open source"

Mai Shirin Fasaha: Jama'a, gobe ƙarfe 4 zan gabatar da shiri kan masu kewar ƙananan wayoyi irin Nokia N900 ta 2009, mai fuska inci 3.5, wadda ake zaro madannanta daga ƙasa. Madannai da "open source", me zan ce?

Malama Mai Fassara: Madannai ya zauna. Ɗayan kuma buɗaɗɗiyar manhaja. Kada dai ka ce "ta kyauta". Ma'anar ita ce an bayyana rubutun da aka gina manhajar da shi, kuma lasisi ya ba kowa damar gyarawa da rabawa. Ana iya sayar da ita.

Mai Gyara: Malam, in ka ce "waya mai madannai" kawai, rakani-kashi za a ɗauka. Ka ce mai cikakkun madannan haruffa, kamar BlackBerry Key2.

Baba Ɗan Gargajiya: Buɗaɗɗiya kamar ƙofa? Aron tunanin Turawa ne. Manhajar gayya! Kowa ya kawo fartanyarsa.

Malama Mai Fassara: Baba, ta dace da LineageOS da postmarketOS, manhajojin tafiyar da waya da 'yan sa-kai ke haɗawa. Amma tushen Android buɗaɗɗe ne, alhali galibinsa ma'aikatan Google ne suka rubuta da albashi. Ina gayyar?

Baba Ɗan Gargajiya: Ku 'yan boko kunyar kalmar ƙauye kuke ji.

Malama Mai Fassara: Allah ya huci zuciyarka. Ita manhajar ma ai daga Larabci muka aro.

Mai Gyara: Ku bar wannan. Malam, ka gargaɗi masu saurare: kafin a ɗora LineageOS sai an buɗe makullin manhajar da ke tayar da waya, kuma buɗewar na share komai, don haka a kwashe hotuna da lambobi tukuna. Wasu manhajojin banki sukan ƙi tashi bayan haka, saboda wayar ta faɗi gwajin tsaron Google. A kuma duba ko lambar samfurin tana jerin waɗanda ake tallafawa. Fayil ɗin wani samfuri na iya kashe waya. Sannan madannan babu ƙ, ɗ, ɓ. A buɗaɗɗiya kana iya gyara fayil ɗin tsarin madannai, Alt da k su ba ka ƙ.

Mai Shirin Fasaha: To, buɗaɗɗiyar manhaja zan ce, in ambaci gayya wajen bayanin 'yan sa-kai.

Baba Ɗan Gargajiya: Sau ɗaya ke nan. Zan dai saurara.