Me ya sa labaran Amurka suka mamaye labaran duniya?

Mai Bibiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A shekarar 2024 an yi zaɓe a Indiya, inda masu rajistar kaɗa ƙuri'a suka haura miliyan 900, an kuma yi a Indonesiya da Afirka ta Kudu, amma wanda ya dogara da manyan kafofin yaɗa labarai na Turanci zai ɗauka a Amurka kaɗai aka yi zaɓe. Yaƙin Sudan kuwa, wanda ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya raba fiye da mutum miliyan 10 da muhallansu, sai jefi-jefi ake waiwayar sa. Shin son kai ne, ko akwai wani dalili?

Tsohon Ɗan Jarida:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan ƙorafi ba yau aka fara shi ba. Yawancin labaran ƙetare suna fitowa ne daga kamfanonin dillancin labarai uku, wato AP na Amurka, da Reuters da aka kafa a Landan a 1851, da AFP na Faransa, kuma jaridar da ba ta da ƙarfin ajiye wakili a Khartoum dole ta ɗauki abin da suka aiko mata. A 1980 kwamitin MacBride na UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya soki wannan rashin daidaito, amma Amurka ta fice daga hukumar a 1984, Birtaniya ta bi sahunta a 1985, maganar ta bi ruwa.

Mai Lissafi:
Ban ƙi bayaninka ba, Malam, sai dai a ganina kuɗin talla ya fi tarihi tasiri a yau, domin masu talla sun fi biyan kuɗi a kan mai karatu daga Amurka, edita kuwa ya san hakan. Sannan a yi adalci: idan babban bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa, duk ƙasar da ake bin ta bashi da dala sai ta ji a jikinta.

Malama Mai Nazari:
Ni ba yawan labarin ne ya fi damuna ba. Abin da ya fi damuna shi ne idan labarin kotun Amurka ne sai a rubuta "Kotun Ƙoli ta yanke hukunci" ba tare da an ambaci ƙasa ba, kamar kowa ya san wace kotu ake nufi, alhali idan ta Kenya ce tun a kanun labarin za a saka sunan ƙasar.