Wai buɗaɗɗiyar manhaja ta fi ta kuɗi tsada?

Baban Ummi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun makon jiya, na san wasunku ba za su ji daɗinta ba. Ni dai yanzu na yarda buɗaɗɗiyar manhajar nan da muke ta yabo, wadda kowa zai iya ɗauka ya duba kod ɗinta ba ko sisi, ta fi ta kuɗi tsada ga mai yi wa kwastoma aiki. Abin da ba ka biya da aljihunka ba, da barcinka za ka biya shi.

Wata makaranta na haɗa wa manhajar fitar da sakamakon jarrabawa. Ranar Alhamis za a raba wa iyaye takardu, Laraba bayan isha'i shugabar makarantar ta kira ni hankalinta a tashe, wai sunayen yara sun lalace. Na buɗe takardar PDF, duk inda ƙ ko ɗ ko ɓ ta faɗo sai ka ga ɗan baƙin akwati. Inda malama ta rubuta wa yaro "yana da ƙwazo", akwati ne a gaba, sai "wazo" a baya. Na garzaya shafin laburaren (wato kod ɗin da wasu suka rubuta don a ɗora aiki a kansa) da nake fitar da takardun da shi a GitHub, dandalin da masu manhaja ke ajiye kod, na tarar wani ya kai irin wannan kukan tun bara, ba wanda ya tanka masa. Babu lambar waya, babu ofishin da za ka je. An ɗauke wuta tun magariba, janareta na ta shan mai, ni kaɗai a shago har ƙarfe uku na dare. Da kamfani na biya, ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari Baban Ummi, Allah ya huce gajiya. Amma kafin mu yi nisa, ta yaya ka gyara abin a ƙarshe?

Baban Ummi:
Kod ɗin laburaren na buɗe na bi shi layi-layi. Ashe Helvetica yake ɗauka, ɗaya daga cikin tsofaffin salon haruffan da PDF ya zo da su, waɗanda ba su wuce baƙaƙen harsunan yammacin Turai ba. Na ɗora masa Noto Sans, na sa ya cusa shi cikin takardar, sunaye suka dawo daidai.

Maman Sadiq:
To ai ka ba kanka amsa. Ƙofar da ka shiga ka yi gyaran nan da ƙarfe uku na dare, a manhajar kamfani kulle take. Da sai dai ka aika musu saƙo, na'ura ta amsa maka cewa sun samu, ka zauna jira. Kana ganin wani kamfani a Amurka ko Indiya zai tashi ma'aikaci cikin dare saboda ƙ mai lanƙwasa? Shi kansa Noto Sans ɗin da ya fid da kai kunya, buɗaɗɗen lasisi ne da shi, shi ya sa ka cusa shi a takardar kwastoma ba wanda ya ce ka kawo kuɗi.

Ɗan Damagaram:
Hajiya ta yi gaskiya. Mu nan Nijar ma wahalar ta fi taku, don a ƙa'idar rubutunmu akwai ƴ, inda ku kuke sa waƙafi a gaban y. Na taɓa bin diddigin abin. A tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ suna rukuni ɗaya da ƙaramar ƙ, amma ƙananan ɓ da ɗ can aka ajiye su cikin rukunin alamomin masana furuci. Shi ya sa za ka ga wani salon haruffa ya fito da ƙ lafiya lau, ɗ kuwa ta ƙi fita. Wannan ba laifin buɗaɗɗiyar manhaja ba ne Yaya, waɗanda suka zana haruffan ne ba su sa mu a lissafi ba, na kuɗi da na kyauta duka.

Baban Ummi:
Na ji. Amma ku lura, ba cewa na yi ba a iya gyarawa ba. Tambayata ita ce, alhakin na wuyan wa? Ku buɗe lasisin MIT, wanda buɗaɗɗun manhajoji da yawa ke zuwa da shi, ku karanta, da manyan baƙaƙe aka rubuta cewa an ba ka kayan ne yadda suke, babu garanti kowane iri. In ya ɓaci ranar aiki, kai kwastoma ya sani, kai zai zaga.

Malam Babba:
Bari in sa baki. Baban Ummi, shekarata ashirin da wani abu ina koyar da wannan sana'a, kuma ba zan ce ba ka da hujja ba. Kana da ita, har ta fi wadda ka kawo ƙarfi.

Mun daɗe muna gaya wa ɗalibai cewa tunda kod a fili yake, ido ya yi yawa a kansa, kuskure ba zai ɓuya ba. Sai ga Heartbleed a watan Afrilun 2014. Ɓaraka ce a OpenSSL, laburaren da wani babban kaso na shafukan duniya ke ɓoye sirrin masu shiga da shi, kuma ta yi kusan shekara biyu a fili ba wanda ya gan ta. Da aka bincika, gudummawar da aikin ke samu a shekara ba ta wuce kimanin dala 2,000 ba. Manyan kamfanoni na cin riba a kansa, masu riƙe da shi kuwa 'yan tsiraru ne. A Disambar 2021 aka sake kwatawa da laburaren Log4j, 'yan sa kai suka kwana suna faci, wato gyaran kod, duniya na zaginsu.

Ni yadda nake ganin abin, rijiyar unguwa ce. Kowa da gugansa yake zuwa, amma ranar yasa sai ka nemi mutane ka rasa.

Autan Mama:
Malam, gafara dai, ni sabo ne, bara na fara koyon JavaScript. Abin da ke ɗaure mini kai, in na buga npm install don sauko da kod daga npm, rumbun kayan JavaScript, ko don ƙaramin aiki ne, sai in ga ɗaruruwan fakiti, wato ƙunshin kod ɗin wasu, suna sauka, datar da na saya ta mako ta ƙare a zama ɗaya. Ban san ko mutum ɗaya cikin waɗanda suka rubuta su ba. Anya ba haɗari?

Malam Babba:
Akwai haɗari ɗana, kuma tambayarka ta fi ta manya da yawa. A watan Maris na 2016 wani mai suna Azer Koçulu ya samu saɓani da masu npm a kan sunan wani fakitinsa, ya fusata ya janye duk kayansa. A ciki akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a gefen hagun rubutu. Sai ga manyan ayyuka irin su Babel sun ƙi haɗuwa a kwamfutocin mutane ko'ina, har sai da npm suka mai da fakitin da hannunsu. Kafin ka sauke fakiti, ka duba yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, mutum nawa ke kula da shi, kuma ko abin da yake yi za ka iya rubutawa da kanka cikin minti goma.

Baban Ummi:
Yauwa Malam, Allah ya ƙara girma. Ga kuma na xz, manhajar matse fayiloli, da ya fi duka ban tsoro. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, yake riƙe da shi shekara da shekaru, aikin sa kai, ba albashi. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shigo a 2021 yana taimakawa, wasu kuma suna ta matsa wa Collin lamba wai aiki ba ya sauri, ya nemi mataimaki. A hankali aka miƙa wa Jia Tan makulli, shi kuma ya dasa ɓoyayyar ƙofa a zubi na 5.6.0 da 5.6.1, wadda za a iya kutsawa ta hanyarta cikin sabobi, wato kwamfutocin da ke riƙe da shafuka da bayanai, masu aiki da buɗaɗɗen tsarin Linux. Wannan shi ne tushen da kuke so in gina wa kwastoma gida a kai?

Maman Sadiq:
Ƙarasa labarin mana, Baban Ummi. Wa ya kama shi? Andres Freund, injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, manhajar adana bayanai. Ba ma binciken tsaro yake yi ba. Ya lura shiga na'ura ta ssh, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, kuma yana cin ƙarfin kwamfuta fiye da kima. Abin ya dame shi, ya bi sawu, ya tono ƙofar, ya sanar ranar 29 ga Maris 2024, tun kafin ta isa manyan zubin Debian da Ubuntu, nau'ikan Linux da jama'a ke aiki da su. Rabin daƙiƙa fa! Ya iya bin sawun ne don komai a fili yake.

Ka kwatanta da SolarWinds a 2020. Rufaffiyar manhaja ce, ta kuɗi, har ma'aikatun gwamnatin Amurka na amfani da ita. Aka cusa mata mugun kod a cikin sabuntawa, ya yi watanni yana yawo kafin a farga. Sannan ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawa ɗaya daga kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma biro da takarda. Su ma ai sun biya. Kuma in ka karanta yarjejeniyar nan da muke danna "na amince" ba mu duba ba, yawancin kamfanonin ma sun wanke hannunsu daga asararka. Ladan kuturun an ci, askin ne ba tabbas.

Ni aikina kula da sabobi ne, kullum cikin Linux da PostgreSQL da Git nake. Ba zan ce ban taɓa kwana ido biyu a kansu ba. Amma duk daren da na kwana, da safe na san abin da ya ɓaci, na san layin.

Baban Ummi:
Hajiya, ke kina da ilimin buɗe kod ki karanta. Autan Mama fa? Mai ƙaramin shago da ya ɗauki yaro ɗaya ya haɗa masa manhaja fa? Ƙofa a buɗe ba ta da amfani ga wanda bai san hanyar cikin gidan ba.

Ɗan Damagaram:
Yaya, to ta ina Hajiya ta koyi karantawar in ba ta buɗaɗɗen kod ba? Ni ban taɓa shiga ajin kwamfuta na kuɗi ba. Tsohuwar laftof na samu, Windows ya yi mata nauyi, na ɗora mata Linux, na koyi Python a kanta. Da sai na sayi lasisin kowane kayan aiki, da har yau ina gyaran waya a bakin kasuwa.

Maman Sadiq:
Ga kuma maganar dala da ba mu taɓo ba. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya ɗora aikinsa kan lasisin wata-wata ya ji a jikinsa, ga shi a lokacin katin naira ma ba ya biya a waje. Kwastomomi nawa ne a Kano ko Kaduna za su yarda ka ninka musu kuɗi sau uku?

Malam Babba:
Akwai abu guda da ya rage, kuma a wurina shi ne mafi nauyi. Git ɗin da dukanmu muke ajiye aiki da shi, me ya haife shi? Masu haɗa Linux da BitKeeper suke aiki, manhajar wani kamfani da ya ba su aro. A 2005 kamfanin ya janye aron, Linus Torvalds ya zauna ya rubuta Git. Zanen aro ba ya rufe katara. Haka da kamfanin HashiCorp ya sauya lasisin manhajarsa Terraform a Agustan 2023, jama'a suka ɗauki kod ɗin da ke hannu suka ci gaba da shi da sunan OpenTofu. Kamfanin Redis ya yi irin haka a Maris 2024, aka fitar da Valkey a madadin manhajarsa. In mai rufaffiyar manhaja ya sauya ra'ayi ko ya rufe kamfani, ba abin da ke hannunka.

Amma Baban Ummi, zan tambaye ka don Allah, ba don in ƙure ka ba. Gyaran da ka yi a daren nan, ka mayar wa laburaren? Mutumin da ka ce ya kai kuka tun bara, ka rubuta masa yadda ka yi?

Baban Ummi:
Gaskiya ban yi ba Malam. Da na ga takardu sun fito, gida na wuce. Kuma har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya: daga yau duk aikin da zan karɓa, sai na sa kuɗin kula da shi a cikin ciniki, don kyautar nan tana da wahalar da wani zai ɗauka, ba zan ƙara ɗaukarta ni kaɗai ba. Ƙananan fakitin da mutum ɗaya ke riƙe da su kuma zan rage dogaro da su.

Maman Sadiq:
Wannan kam ba mai ja da kai. Ni ma haka nake yi.

Autan Mama:
Yaya Baban Ummi, in za ka aika gyaran, don Allah zan iya zuwa shago in ga yadda ake yi? Ban taɓa tura wa wani aiki faci ba, tsoro nake ji kada a yi mini dariya da Turancina.

Baban Ummi:
Zo ƙanena, ranar Asabar bayan la'asar, ka taho da laftof ɗinka. Mai laburaren ko ya karɓa ko bai karɓa ba, za mu rubuta bayanin a ƙarƙashin kukan mutumin nan, mai nema ya gani.

Ɗan Damagaram:
Kafin ku tura, ku aiko mini in gwada da ƴ da Ƴ. Ina da jerin sunayen garuruwa da na unguwanni da nake gwaji da su, zan haɗa muku da shi yau da daddare in Allah ya yarda.