Neman shawara: tsohuwar harmoniya na gani a Delhi, in saya?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Delhi, karatu ya zo ƙarshe, wata mai zuwa zan dawo Kano. A wani shago a unguwar Daryaganj na ga tsohuwar harmoniya, akwatin kiɗan nan da muke gani a finafinan Indiya, mawaƙi na zaune a ƙasa, hannu ɗaya na zuga iska ɗaya na dannawa. Wannan mai naɗewa ce, har da mariƙi. Mai shagon ya ce ta haura shekara 100, ga tambarin kamfanin Dwarkin a jiki, kuɗinta rufi 35,000. Muryarta ta shiga raina, sai dai madannai biyu ba sa kuka, kuma tana ɗan huci. In saya ko in haƙura?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, madannai biyun nan kada su tayar maka da hankali. Kowane madanni yana da ɗan siririn harshe na tagulla a ciki, iska ke kaɗa shi ya yi kuka. Yawanci ƙura ce ta maƙale, a share ya tashi. Hucin ne abin tsoro. Ka tura duk maɓallan gaba ciki, kada ka taɓa madanni ko ɗaya, ka yi ta zugawa a hankali. Mai lafiya za ta cika ta yi tauri a hannunka. In ko tana ta shan iska ba ta ƙoshi, to ko zugazugin ya ɓule ko katako ya tsage. Zugazugi ana liƙewa. Tsagar katakon ciki kuwa aiki ne ja. Ka kuma ɗaga ta ka duba ƙasa: in ka ga ƙananan ramuka da garin katako, ƙwari sun riga ka.

Hauwa Zariya: Ni maganar shekara 100 ɗin ce ta tsaya mini. Dokar kayan tarihi ta Indiya ta 1972 ta hana mutum fita da abin da ya kai shekara 100. In gaskiya ya faɗa, kwastan na iya riƙe ta. In kuma cika baki ne, kuɗin shekarun da babu su kake shirin biya. Tambarin ma ba hujja ba ne. Tun 1875 Dwarkanath Ghose ya kafa kamfanin a Kalkata, kuma har yau suna ƙerawa. Ka ce ya samo maka takardar hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya, wato Archaeological Survey of India, mai nuna ba kayan tarihi ba ce, ka ga yadda fuskarsa za ta yi. Fararen madannan ma ka tabbatar ba hauren giwa ba ne, wannan wata rigimar ce daban.

Mai Kibod: Studiyo za ka kai ta? Ka sa manhajar gwada sauti a waya ka gani ko ta hau 440, wato ma'aunin sautin da ake saita kibod a kai. Wasu tsofaffin ba sa jituwa da kibod, kuma saita ta sai an kankare harsunan ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji Na-Sabongari: Yaro, ka tuna da hunturu. Tawa damina ɗaya ta yi lafiya, iska na busowa murfin ya dare, gam ya saki. Na kai wa wani kafinta ya buga mata ƙusa, daga nan ba ta sake magana ba. Duk gyaran da za a yi, a yi shi can.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai. Na koma ɗazu na yi gwajin Baba, iska ba ta tsayawa ko kaɗan. Da na ambaci takarda, Anti Hauwa, sai shekarun suka dawo "kamar 60", kuɗi ya sauko 18,000. Na ce ya gyara zugazugin tukuna, ranar Asabar zan koma da wani abokina ɗan Indiya da ya iya kaɗa ta.