Revisionism da Hausa: bidi'a, santsi ko algus?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Daren jiya a majalisarmu ta Tudun Wada musu ya kaure kan China: har yanzu ƙasar gurguzu ce, ko jar tutar ce kawai ta rage? Wani ɗan jami'a ya ce ai tun zamanin tsohon jagoransu Deng Xiaoping revisionism suke yi. Wani dattijo da ya yi aikin masaƙa a Kakuri ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, faɗa min da Hausa." Yaro ya shiga sosa ƙeya. Ni da nake masa dariya ma ba ni da amsa.

A bakin 'yan gurguzu kalmar zagi ce: ka riƙe sunan Karl Marx, uban aƙidar gurguzu, ka canja koyarwarsa. Eduard Bernstein na Jamus ya sha ta wajen 1899, da ya ce ma'aikata za su kai gaci ta akwatin zaɓe, ba sai da juyin juya hali ba. Bayan jagoran Sobiyet Khrushchev ya yi wa magabacinsa Stalin tonon silili a 1956, Mao na China ya jefi Tarayyar Sobiyet da ita. A 1978 kuma Enver Hoxha na Albaniya ya juyo ya jefi China.

Wani ya ce bita. Wannan ta ɗaliban da jarrabawa ta ƙarato ce. Kwaskwarima kuwa ta yi laushi, kamar kasafin kuɗi ake gyarawa. Bidi'a ta fi su kusa, amma a garin nan ka furta ta a majalisa, musu ya bar China ya koma masallaci.

Dattijon ya ce santsi, yana tuno lokacin da jam'iyyar PRP ta tsage, Balarabe Musa da Abubakar Rimi a santsi, Malam Aminu Kano a taɓo. Na ce, "Baba, ai ku 'yan santsi ganinku ku ne kuka riƙe aƙidar. Yau mu mayar da sunanku na masu sakin layi?" Ya ce to a bar ta.

Ni algus na zaɓa. Mai hatsi ya cika mudu, sama gero mai kyau, ƙasa tsakuwa da ɓuntu, ya kuma rantse duk gero ne. Zargin ke nan daidai: suna bai canja ba, cikin ne aka taɓa.

Ku auna ta da musun China. Masu zargi suna nuna birnin Shenzhen da aka buɗe wa masu jari a 1980, da yadda shugaba Jiang Zemin ya buɗe wa 'yan kasuwa ƙofar shiga jam'iyya a 2001, da attajiran da suka cika ƙasar. Su a wajensu gurguzu ne a saman mudu, jari-hujja a ƙasa. Masu karewa suna cewa ba wanda ya mallaki fili a China sai hukuma ko gamayyar manoma, manyan bankuna na gwamnati ne, haka kamfanin China da ya shimfiɗa layin dogon Rigasa zuwa Abuja. Suna ƙarawa da cewa Lenin da kansa, wanda ya kafa mulkin gurguzu a Rasha, ya sassauta wa kasuwa a 1921. Ka ga su ma mudun suke kallo, sai dai a ganinsu kasuwar ce a sama, gurguzu a ƙasa.

Kuma tana juyuwa a baki: ɗan algus, 'yan algus, gurguzun algus. Dattijon ya ce ya yarda, da sharaɗin kada a kira shi da ita.

Abin da ya rage, na ji wasu na cewa algushu. Mutanen Katsina da Sakkwato, wacce ce a bakinku?