Maɓallan hasken allo sun ƙi aiki a Linux

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Salamu alaikum. Laftof mai Linux, komai lafiya, amma maɓallan hasken allo ba sa aiki. Ta ina ake fara gyaran direba, wato manhajar da ke haɗa Linux da sassan laftof?

Badauri: Wa'alaikumus salam. Kunna evtest, manhajar da ke nuna saƙon maɓallai, ka danna maɓallin. In lamba ta fito, kernel (zuciyar Linux) ya ji, sai ka gyara hwdb na udev, wato jerin da ke faɗin aikin kowace lambar maɓalli. In shiru, duba saƙonnin kernel da dmesg.

Malama Injiniya: Ɗan'uwa, shirun nan galibi daga ACPI yake, wato tsarin da laftof ke sanar da kernel al'amuran wuta da irin waɗannan maɓallai: saƙo ya taso, babu direban da ya karɓe shi. Ciro teburan ACPI da acpidump -b, ka warware fayil ɗin dsdt.dat da ya fito da iasl -d, ka bi sunayen da suka fara da _Q, su ne ke amsa irin wannan saƙo. Gidan irin waɗannan direbobi a cikin lambar tushen kernel shi ne drivers/platform/x86.

Badauri: Gaskiya ne, Malama. A kula, Secure Boot, tsaron da ke aiki lokacin tashin laftof, ba ya barin direba marar sa hannu ya hau. Kafin aika gyaran ga masu kula da kernel kuma, a bi ta checkpatch.pl, mai duba tsarin rubutunsa.